Gayyar da Baffa ya kawo wa lambun mahaifina

Shekarun baya, da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa a ƙarshen bazara, babban abin da ya bar mana amyoyin zumarsa ne. A Toranke duk wanda tari ya kama ɗansa, gidanmu yake aikowa da kofi. Amma tun kafin ya kwanta ciwo yake ƙorafin ƙudan zuma na gudu, don an sare itatuwa, ga feshin maganin ciyawa ko'ina.

Bayan an share makoki mahaifiyata ta ce filin bayan gari inda amyoyin suke kada a sa masa gero. A dasa abin da ƙudan ke so, ladan ya riƙa isa gare shi. Mutanen unguwa suka karɓi maganar hannu bibbiyu. Wannan ya kawo dashen magarya, wancan kargo da ɗorawa, mata suka haɗo irin ɗoɗɗoya da karkashi da tafasa. Ni da zaman Kano ya lalata, fartanya ta yi mini bororo tun ranar farko, tsofaffi na ta yi mini dariya.

Da damina ta zauna wurin ya yi kore shar, fure ya fara fitowa, tun daga hanya kana jin kukan ƙuda. Mahaifiyata tana takaba ba ta fita, sai hoton da nake nuna mata a waya. Kullum maganarta ɗaya: "Allah ya kai mu ranar fita, can zan fara zuwa in gani da idona."

Wata Asabar na sauka daga motar Ajingi, na ce bari in biya ta lambun. Innalillahi! Fili fetal. An nome shi ƙal, an ja kunya, an shuka wake, dashenmu an tara shi gefe kamar shara. Amyoyin ma an yi musu hayaƙi, wai ƙuda na harbin masu aiki. Ga Baffa, ƙanin mahaifina, ya taso tun daga Balan da samari, suna zaune a inuwa suna share gumi. A wajenmu in mutum ya rasu ya bar gona, dangi kan yi wa matarsa gayya su nome mata. To gayyar ke nan.

Na ce, "Baffa, me ke nan? Shukawa fa muka yi!"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Tafasa ake shukawa? A wane gari? Gonar ɗan'uwana ta zama daji, masu wucewa na cewa ba shi da dangi, kai kana birni kana latsa waya."

Wallahi an gaya masa. Da kunnensa ya ji ranar da aka yanke shawarar, ya ɗauka zancen mace ne mai zafin rashi. Ko mutum ɗaya bai tambaya ba a unguwar, da sassafe suka wuce ta bayan gari.

Na shiga gida. Mahaifiyata ta riga ta ji. Idonta jawur, amma tana damun fura, don ba a sallamar 'yan gayya da yunwa. Ta miƙo mini ƙwaryar ta ce, "Kai musu. Kuma ka durƙusa ka yi masa sannu da aiki, ƙanin ubanka ne." Na kai. Na durƙusa. Na ce Allah ya saka da alheri, suka amsa da amin har da shafa fuska.

Ranar da ta fita takaba can ta fara zuwa kamar yadda ta ce. Ta daɗe tsaye tana kallon wake, sannan ta ce mu koma gida.

Da wata daminar muka sake dasawa, muka kewaye da ƙaya, maƙwabta suka sa ido. Lambun na nan, ƙuda sun dawo, ana shan zuma. Ni da Baffa muna gaisawa lafiya lau. Sai dai har yau in an taru a wani sha'ani yakan ba da labarin yadda ya tsaya wa iyalin yayansa a shekarar rashi, mutane na sa masa albarka. Wani lokacin ma ya juyo ya ce, "Ga ɗan nan, ai da bakinsa ya yi mini godiya."

Saran dashen na haƙura da shi tuni. Godiyar nan ce har gobe take ci mini rai.