Ranar da Inna Ta Kira Wanzami

Ɗana bakwaini ne. Sati uku ya yi a asibiti a Gusau, har aka raɗa masa suna ba ya gida. Ma'aikaciyar jinyar da ke biyo mu garinmu, Furfuri, tana duba shi ta ce kada aska ta taɓa shi sai ya yi ƙwari.

Ko sati ba mu yi da dawowa ba, Inna, uwar mijina, ta kira wanzami ya yi masa aski. Yaron yana ƙirjina, ɗaure da zane, yadda aka koya mini.

"Miƙo shi," in ji Inna.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. In dai aska ce, a fara da ni."

Wanzamin ya leƙo, ya ga kan yaron bai fi lemo ba. Da kansa ya mayar da askar cikin zabira.