Ɗan Farina da Idon Malam Idrisa

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar ɗana na fari. A gida Baban Maryama ake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan, don mu mutanen da ba ma kama sunan ɗan fari. A nan Jidda aka haife shi, a nan ciwon ƙoda ya kwantar da shi yana tsakiyar ƙarfinsa, Allah ya karɓi abinsa. Kowace shekara in lokacin ya zagayo, shinkafa nake dafawa in rarraba wa maƙwabta, in ja bakina in yi shiru. Bana na ce bari in rubuta, saboda iyaye mata da nake gani a unguwar Madain Fahad, 'ya'yansu sun fito daga kurkuku suna zaune a ɗaki, an rasa ta inda za a fara.

Mahaifinsa ɗan ƙasar nan ne, kakansa ne ya zo hajji a ƙafa ya zauna. Ni daga ƙasar Katsina aka kawo ni aure, aka sauke ni a unguwar Ruwais, a wani gida da in ka hau soro kana shaƙar iskar teku. Aikin maigidana gadin garken wani Balarabe ne a bayan gari, tumaki da raƙuma, kuma saboda karnukan daji hukuma ta ba shi lasin riƙe bindigar farauta. Da ya rasu yaron ya gaji aikin, aka mai da lasin da sunansa. Bai daɗe da haura ashirin ba a lokacin.

Ranar bikin wani abokinsa abin ya faru. A zamanin samari sukan harba bindiga sama don murna, ba wanda ke ganin laifin haka. Ya shigo da ita gari, ya ɗaga ya harba, harbin ya bugi bakin rufin bene, ɓarɓashi ya dawo ya sami Malam Idrisa, wani tela mutumin Chadi mai shago a layinmu, yana zaune a tabarma da kofin shayi a hannu. Idonsa na hagu ya tafi ke nan. Dangi suka haɗu aka biya diyya, yaron ya yi shekara biyu a tsare, aka karɓe bindiga, aka soke lasin.

Na ɗauka fitowarsa ce ƙarshen wahala. Ashe akwai abin da suke kira sabiƙa, wato laifin da aka rubuta a jikin sunan mutum, duk inda ya je neman aiki shi ke fara yin sallama. Dako ya koma yi a kasuwar kayan miya. An yi masa aure da 'yar ƙanen mahaifinsa, aka haifi Maryama, amma bai koma yaron da na sani ba. In zai je masallaci sai ya zaga ta bayan layi don kada ya bi ta ƙofar shagon telan. 'Ya'yan Balaraben nan sun ce masa wurin ubansa yana nan yana jiransa, amma ba za su ajiye mutum a daji hannu rabbana ba, sai an goge masa suna an mayar masa da lasin.

Wani abokin mahaifinsa ne ya haɗa shi da lauya a unguwar Aziziyya. Yaro ne namu, haifaffen nan, yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar sai ta riƙa karye masa a baki. Shi ya fahimtar da mu cewa in mutum ya yi wasu shekaru bai sake laifi ba, yana iya roƙon hukuma ta mayar masa da mutuncinsa. Ana son shaidar liman, da ta umda, wato mai unguwa. Ya ce abin da zai fi nauyi a wurin masu duba maganar shi ne Malam Idrisa ya sa hannu cewa ba sauran komai tsakaninsu. Maganar bindiga kuwa sai bayan wannan, roƙo ne daban.

Liman ya ba da shaida, umda ya bayar. Baffanninsa suka je gidan Malam Idrisa, 'ya'yansa suka tare su a ƙofa. Suka ce kowa ya zo ya yi magana, uwar da ta haife shi ba ta taɓa buɗe baki a kansa ba, to su wane ne da za su riga ta?

Lauyan ya aika aka kai ni ofishinsa, na tarar da Baban Maryama zaune a gefe. Lauyan ya ce, "Khala," haka suke ce wa inna a nan, "ke fushi da shi?"

Na ce ba na fushi da yaron nan.

Ya ce, "Tayyib, to lesh, don me ke ba tafi? Tun ɗazu yaron nan, yaron nan. Wallahi ni tsammani direba naki ne."

Har na yi dariya, shi ma yaron ya yi, amma kansa a ƙasa. Ta ina zan fara yi wa ɗan Jidda bayani? Inda na fito uwa ba ta kiran ɗan fari da suna, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta tsaya masa a rigima. Goggonsa ke yin wannan. Shekara biyun da ya yi a tsare, ni ke dafa abinci, goggonsa ke shiga da shi, ni in tsaya bakin ƙofa cikin rana har ta fito ta gaya mini ya rame ko bai rame ba. Haka na ga iyayena sun yi, ban san wata hanyar ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baban Maryama ya kai ni gidan telan a motar aro, ya tsaya daga waje. Na tarar da Malam Idrisa a tsakar gida, da baƙin tabarau da ya fara sakawa tun bayan abin, babban ɗansa Haruna na tsaye a kansa. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi aiki. Sannan na ce na zo ne a kan maganar yaron gidanmu.

Haruna ya ce, "Wane yaro? Gidanku yaro ɗaya ne? In roƙo kika zo yi, Khala, ki faɗi sunan wanda kike roƙa wa."

Na tattara abin da ke jikina na ƙarfi. Na buɗe baki ke nan sai Malam Idrisa ya daki tabarma da tafin hannu.

Ya ce, "Kai Haruna, uskut, rufe baki! Ɗan farinta ne. Tsohuwata a garinmu Abeche har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ku da aka haifa a nan, uwa na ƙwala muku kira ta taga kamar mai tsai da taksi, me kuka sani?" Ya juyo wajena da idonsa mai gani. "Hajiya, wannan zuwan ya fi ƙarfinki, na sani. Tashi ki koma gida. A ce wa lauyan ya kawo takardar."

Muka kama hanyar gida. Ashe yaron yana jingine da ƙofar gidan, ya ji komai. Can ya ce, "Ummi, ni na ɗauka ba kya son a san ke kika haife ni." Na ce masa ya kalli hanya, ga mota nan tana tahowa.

An ɗauki watanni ana kai da kawowa, lauyan bai gaji ba, har aka goge sabiƙar. Lasin ya fi daɗewa, amma shi ma ya fito. Ya koma garke, bai sake shigo da bindiga gari ba ko sau ɗaya. Kuma ya daina zagawa ta bayan layi. Duk Juma'a in ya shigo sai ya zauna a shagon Malam Idrisa ya zura masa zare a allurai, ya jera a jikin tsumma, wanda zai ishe shi mako, don ido ɗaya ba ya samun kafar allura. Da farko ko gaisuwarsa tsohon ba ya amsawa da kyau. Bai cika shekara biyu da komawa aiki ba ciwo ya kama shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Jiddar yau. Layinmu na Ruwais ana ta maganar za a rushe. Yanzu yatsa ake dangwalawa a na'ura, ta fito da tarihin mutum kafin ya zauna a kujera. Mai harbi a wurin biki kuwa, kafin ya sauke hannu an ɗauke shi a waya an kai. Ina jin da zai ce gara haka. Kuma na tabbata da zai bi gidajen yaran nan da ke kwance a ɗaki ya ce su tashi su nemi lauya, ƙofar ba a rufe take ba, nauyi ne da ita. Maryama ta zama budurwa, tana makaranta, ba wanda ya taɓa nuna ta da yatsa. Wannan kam ya bar mata.

Amma akwai abin da ya zauna mini a ƙirji duk shekarun nan. Hukuma ta goge nata, ido kuwa bai dawo ba. Na san ranar nan Malam Idrisa nauyina ya ji. Sa hannu daban, yafewa daban, kuma can inda yaron ya tafi ba takarda ake dubawa ba. Sau da yawa na yi niyyar tambaya, in fasa, don tsoron amsar.

A ƙaramar sallar da ta wuce Malam Idrisa ya zo gaishe ni, 'yarsa na riƙe da sandarsa, don ɗaya idon ma ya yi rauni, ya bar ɗinki. Da ya sha ruwa ya huta, na yi ta maza na tambaye shi ko ya yafe wa yaron.

 Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Hajiya. Ranar da na sa hannu, don ke na yi. Shi kam sai daga baya."

Na ce, "Daga baya yaushe, Malam?"

Ya gane abin da nake tambaya. Ya ce, "Yana da rai, Hajiya. Yana zaune a gabana da zare a baki, na gaya masa, ya ji da kunnensa."

Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Allah ya saka wa Malam Idrisa da hasken da ba ya dushewa.