Ayar da na ɗaura a ƙirji

Ranar Litinin bayan bikin Ista, shekarar da soja suka karɓi mulki, rediyon Baba a gidanmu na unguwar Yantala ba ta fitar da komai sai kiɗan soja, manya sun yi cirko-cirko a tsakar gida, ni kuwa murna ta cika ni don na ɗauka an soke jarrabawar hadda. Ba a soke ba. Baba ya riga ya rantse in na sake faɗuwa zai mayar da ni ƙauyenmu wajen Maradi, inda fari ya bar rumbuna wayam, ya ce kuɗin lekol, wato makarantarmu ta mishan, ba na wasa ba ne.

Ni yarinya ce marar zama. Ina kan benci ƙafata na rawa, idona na kan taga, hankalina na bakin kogi wajen masu ban ruwan albasa a unguwar Goudel. Madam Rifkatu, malamarmu, ta ce mu riƙe ayar ƙaunar maƙwabci "par kër", wato da zuciya a Faransanci. Sai na naɗe takardar, na ɗaure ta da tsumma a ƙirjina, ina jira ta shige da kanta. Haka na yi ta yawo da ita, har wajen shingen lekol inda wata 'yar Buzaye da fari ya koro daga arewa take tsayuwa da rana. Ba ma jin yaren juna, amma kofin kununa ɗaya muke sha, ita kurɓa ni kurɓa.

Ranar jarrabawa ko kalma ban kawo ba. Da Madam ta tambayi ina ayar, na zaro takardar, gumi ya cinye tawadar, aji ya fashe da dariya. Na ji tsoro ƙwarai, har na fara jin ƙamshin motar Maradi.

Da yamma Madam ta zo gida da kanta. Ta gaya wa Baba abin da take hangowa ta taga a bakin shinge, ta ce Allah da ya yi kai shi ya yi zuciya, makarantar da ta ciyar da ɗaya ta bar ɗaya ba ta gama aikinta ba. Sannan ta juyo gare ni, ba alamar wasa a fuskarta.

"Zuciyarki ta haddace, Saratu. Saura kai, kuma ba zan yafe miki shi ba."

Tun da zama ya gagare ni, a tafe ta koya mini. Kullum ina bin ta da bokiti zuwa lambun lekol, tana faɗa ina maimaitawa, har ayar ta zauna. Baba bai sake zancen ƙauye ba.

Yanzu jikokina suna kawo maki masu kyau, ina yaba musu, amma ban ji malamin da ya san da wa suke raba abincinsu ba. Madam ta rasu tuntuni. 'Yar shingen nan kuwa, ko sunanta ban sani ba, ayar dai tana nan.