Yadda Jamilatu Mai Tuwo Ta Koma Naɗa Ɗanyen Kifi

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi ne shaidata ba zan ƙara gishiri ba. Ni ce Ikilima ta Sharafiyya, a nan Jidda. Faɗa nake ana rubutawa, don mutanen gida sun ishe ni da tambayar ina labarin Jamilatu mai tuwo. To ga shi nan, kowa ya ji, ni ma in huta.

Jamilatu 'yar Haɗeja ce. Aikin Umara ya kawo ta, yau shekara goma sha biyar, jirgi ya koma ita ba ta koma ba, kamar yawancinmu. Ranar da aka sauke ta a lungunmu, daga ita sai jaka ɗaya da muciya naɗe a zani. Wallahi muciya! Ta uwarta ce, wai ba ta iya tafiya ta bar ta. Ni na ba ta shimfiɗa a ɗakina wata biyar. Ni na nuna mata inda ake samun daddawa da kuka a garin nan, da lungun da za ta bi in ta hango masu duba takardu. Tun daga lokacin take kirana Yaya.

Ba zan ci haƙƙinta ba, Allah Ya ba ta hannu. In ta tuƙa tuwon shinkafa, sumul, ko a haƙori ba ka jin tsaba. Malmalarta kuwa duk kai ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su. Ba ta jiran ya huce. Daga tukunya sai mara, daga mara sai tafin hannu, turiri na tashi ita tana hirarta. Direbobi tun daga Waziriyya suke zuwa ƙofarta da kwanukansu. Suna, biki, sadakar bakwai, in ba tuwon Jamilatu to taron bai cika ba. Hannunta kullum jawur da lalle, in ta wuce sai ta bar maka ƙamshin humra a lungu.

Sai ta auri Ubale, direba ne a wani babban gida a Abhur, can bakin teku. Ɗan mai gidan, Badr sunansa, ya je karatu waje ya dawo da kwaɗayin abincin mutanen Japan, wai shi sushi. Ya gyara wani ɗaki a bayan gida, ya kawo kuku ɗan Filibin, Shef suke ce masa, ana yi ana kai wa masu kuɗi gida-gida. Rannan Ubale na cin tuwonsa a rumfar mota, Badr ya leƙa kwano ya ga malmala uku babu wadda ta fi wata. Ya ce wa ya yi wannan? Shi ke nan fa. Ya ce a kawo ta, zai zama kafilinta, wato mai tsaya mata, ya yi mata iƙama, takardar zaman ƙasa. Ban ga laifinta a nan ba, duk wanda ya taɓa ɓuya a bayan ƙofa ya san daɗin takarda. Ta tattara ta koma Abhur. Muciyar kuwa a ɗakina ta jingine ta, wai can babu wurin ajiye itace.

Bayan wata huɗu ta zo gaishe ni. Na kama hannunta, na sake. Fari fat, sanyi ƙalau, kamar an ciro shi daga firji.

Na ce, "Jamila, ciwo kika yi? Ina lallenki?"

Ta ce, "Yaya, mamnu'u ne, an hana. Ba lalle, ba humra, ba turaren wuta. Shef ya ce shinkafa tana ɗaukar wari."

"Wari? Humrar ce wari?"

Ta zauna tana ba ni labari tana wani karya wuya. Wai shinkafarsu gajera ce mai danƙo. In ta dahu sai a zuba mata khal, ruwan tsamin nan, da sukari da gishiri, a yi ta yi mata fifita har ta huce. Ni dai na san jariri ake wa fifita, da mai zazzaɓi. Sai ka tsoma hannu a ruwan sanyi, ka dunƙula ta kamar babban yatsa, ka ɗora mata yankan kifi a baya. Wata kuma a shimfiɗa ta kan wani baƙin ganyen teku da aka busar kamar takarda, a naɗe da 'yar tabarmar gora, a yayyanka.

Na ce, "To sai a soya?"

"Ba a soyawa."

"A gasa?"

"Yaya, haka ake ci."

Na ce innalillahi. Kifin da ko magen Sharafiyya sai ta shinshina shi sau uku! Washegari har wurin malaminmu na aika a tambaya. Ya ce abin da ya fito daga teku halal ne, ko an dafa ko ba a dafa ba. Na karɓa, ba na ja da ilimi. Amma halal daban, abinci daban. Tafasa ma halal ce, ba wanda ya taɓa tarar baƙo da ita ɗanya.

Ranar na zuba mata tuwo da miyar kuka, ta yi loma biyu ta tsame hannu. Wai ya yi mata nauyi, kuma daddawa tana kama yatsa. Daddawar da ta rufa mata asiri shekara goma sha biyu.

Bara Allah Ya sauki Sajida, autata, ta sami ɗa namiji. Dangin mijinta Hausawan Sudan ne, tun kakanni suke Waziriyya da takardunsu, suna mana kallon 'yan jiya-jiya. Uwar mijin, Hajiya Mariyamu, bakinta reza ne amma da murmushi take yanka. Ranar da ta zo barka ta ce, "Hajiya, an ce ku mutanen Najeriya ku ne da tuwo. To ranar suna ba ma son shinkafar Larabawa, tuwo za mu ci mu tuna kakanni." Na ce in sha Allahu za ku ci tuwon da ba ku taɓa ci ba. Na faɗa da ƙarfina, don tun Sajida na yawo da littafin makaranta Jamilatu ke cewa ita za ta tuƙa tuwon sunan ɗanta. Na kira ta na tuna mata. Ta ce, "Halas, an gama, Yaya, ke dai yi miya, sauran ki bar min. Sai na fitar da ke kunya."

Ranar suna na yi taushe tukunya biyu da naman rago. An yi azahar, mata sun cika falo har bakin bene, mutanen Waziriyya sun jeru a kan kujeru suna kaɗa awarwaro. Sai ga motar Ubale. Na fita ina neman kuloli, sai na ga ana shigo da farantan roba masu murfi, marasa zurfi, guda takwas. 

Jamilatu ta jera su a kan sufura, ledar cin abincin da aka shimfiɗa, ta buɗe, tana washe baki. An jera abin ja, fari, ruwan goro, kamar kayan kwalliyar amarya. 

Hajiya Mariyamu ta sunkuya ta duba, ta ɗago. "Masha Allah. Hajiya, kifin nan wanka kawai aka yi masa?"

Wata tsohuwa a gefenta ta ɗauki ɗaya tana ɓare baƙin ganyen da farce. "An manta ba a cire ledar ba."

"La, la, Hajiya, ci ake yi!" in ji Jamilatu. "Wannan abincin manya ne, a Abhur sai an yi waya tun jiya ake samu."

Tsohuwar ta ce to, ta miƙa hannu za ta tsoma a taushe. Jamilatu ta riƙe mata hannu. Ta riƙe hannun tsohuwa, baƙuwa, a gidana! Wai ba a sa masa miya, ga wani baƙin ruwa nan mai gishiri da 'yan tsinkaye biyu.

Hajiya Mariyamu ta ce, "Abincin da ba ya shiri da miya, ba ya shiri da wuta, ba ya shiri da hannu, to da wa yake shiri, 'yar nan?"

'Yan matan da aka haifa a nan, su kam suka yi caa a kai da wayoyinsu, suna ɗaukar hoto suna haɗiya. Iyaye kuwa kowa ta naɗe hannu a cinya. Miyata na can tana hucewa ba abin da za a ci da ita.

Na ja Jamilatu kicin. Ban ɗaga murya ba, saboda albarkacin jariri. Na ɗauko muciyar uwarta daga bayan ƙofa na danƙa mata. Na ce, "Ɗora tukunya."

Ta ɗora. Mutane suka yi ta zama da yunwa har aka kira la'asar. Da shinkafa ta yi laushi ta sa muciya, ta juya sau biyar, sau shida, sai ga ta tana haki tana dafe kafaɗa. Ta daure ta kwaso da mara, ta kifa a tafin hannu yadda ta saba. Sai ihu. Ta yarfe hannu, tuwo ya faɗi ƙasa, tafin nan ya tashi jawur. Hannun da ya shekara biyu a ruwan ƙanƙara, ina zai tuna wuta? Ta tsaya a bakin famfo tana hawaye, wai gobe tana da oda, shef zai yi faɗa.

Ni ga ciwon baya, na fi shekara biyar rabona da babbar tukunya. Na kama muciyar ke nan sai na ji ƙarar awarwaro a bayana. Hajiya Mariyamu ce. Ta cire abaya ta rataye a ƙofa, ta zare awarwaron ta miƙa min, ta ce, "Riƙe min, Hajiya, ki zauna ki huta." Ta karɓi muciya.

Surukar 'yata, baƙuwata, ranar sunan jikana, ita ta tuƙa tuwon da aka ci a gidana, ni ina tsaye riƙe da awarwaronta. Kuma ya yi kyau, abin da ya fi ci min rai ke nan. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Jamilatu tana nan Abhur, ta sami iƙamarta, Allah Ya sa albarka. An ce yanzu har an ba ta farar hular kuku. Amma tun daga ranar, duk Sharafiyya ba wanda ya sake kiranta suna ko biki, yanzu wata 'yar Maraɗi ke yi, tuwonta da gudaji amma ana ci. In ta kira ni ina amsawa, saboda gaba haramun ce. Muciyar uwarta kuwa tana bayan ƙofata, ko sau ɗaya ba ta tambaye ta ba.

Da ƙaramar salla Hajiya Mariyamu ta yi waya za su zo gaisuwa. Mun gama gaisawa, har zan ajiye, ta ce, "Af, Hajiya, mu taho da muciya ne, ko akwai?"

Na haɗiye abin da na haɗiye. Na ce akwai.