Cokalin Tela

Shekara talatin da ɗaya ta yi a kan keken ɗinki kafin idonta ya ce ya gaji. Ba ta taɓa sa almakashi a yadin mutum ba sai ya faɗa mata abin da yake so da bakin da za ta gane. Keken ya koma ƙarƙashin gado, halin ya zauna, kuma har yau Tela ake ce mata.

Asabar ta farko a kowane wata masu bincike daga jami'a kan zo shagon mai shayin bakin layinsu. Ba allo, ba lasifika. A jera benci, mai bincike ya tsaya kusa da firji ya faɗi aikin da yake kai, jama'a su yi tambaya. Zuwan Tela na farko, wani masanin ƙasar noma ya yi minti goma yana zuba, ba ta tsinci komai ba. Ta ɗauki cokalin shayi ta buga wa kofin gilashi.

"Ɗana, wannan kalmar da ka faɗa, ci ake yi ko sawa?"

Daga ranar ya zama doka. In cokali ya yi ƙara, mai magana ya koma baya ya faɗa da harshen mutane. Likitan ƙashi ya sha bugu tara, ya tafi yana share gumi. Mai shayi ya ware mata cokali na musamman.

Sai layi ya zo kan autarta, mai binciken sauro. Shugaban sashensu ya ce zai zo ya ji, don a ranar zai yanke ko ita zai ba jagorancin aikin shiga unguwanni don wayar da kan jama'a.

"Inna, don Allah ki rufa min asiri," in ji Auta. "Rana ɗaya kawai. Kada ki taɓa cokalin nan."

"In ban gane ba fa?"

"Ki tambaye ni a gida."

"To. Na yi alkawari."

Ran Asabar Tela ta zauna a bencin gaba, ta naɗe hannu cikin mayafi. Auta ta fara. Tsoro ya sa ta fake a bayan yaren jami'a, kalmomi dogaye kamar igiyar shanya. Wani direban bas ya kalli Tela. Wata mai kanti ta kalli Tela. Ita kuwa ta kafa wa silin ido, tana murmushin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, har da gyaɗa kai. Da mutane suka ga ba mai ceto, sai kowa ya ciro wayarsa. Mai shayi ya hau wanke kofunan da ya riga ya wanke. Shugaba ya duba agogo sau biyu.

Auta ta katse maganarta a tsakiyar jimla. Ta taka har teburin mai shayi, ta ɗauko cokalin, ta ajiye a cinyar uwarta.

"Na warware miki, Inna."

Tela ba ta jira Auta ta koma wurinta ba. Ta buga wa kofi cokali, ƙwal.

"Ai ban ce komai ba tukuna!" in ji Auta.

"Na ɗazu ne. Koma farko. Me sauron ya yi?"

Auta ta ja numfashi. "Maganin da ke jikin gidan sauro ya daina kashe wasunsu. Masu taurin kan su ke tsira, su haifi masu taurin kai."

"Kamar gidanmu," in ji Tela.

Shagon ya ɗauki dariya. Direba ya ɗaga hannu, mai kanti ta riga shi, aka yi ta tambaya har shayi ya huce. Sau huɗu cokali ya ƙara yin ƙara, sau huɗu Auta ta koma baya ba gardama.

Da aka gama Shugaba ya miƙe ya ce aikin unguwanni na Auta ne. Da ya tsaya nan da ya tsira, amma daɗin baki ya kwashe shi, ya shiga bayyana dalili da nasa dogayen kalmomin.

Auta ta girgiza wa uwarta kai, tana roƙo da ido.

"Ke na yi wa alkawari," in ji Tela, ta jawo kofin kusa.