Zaman Zane Ɗaya da Kaka Ta Ba Ni

Wanda ya fara koya mini zane wani mai rubuta allon shaguna ne a Gyaɗi-Gyaɗi, shi ke zana wa masu aski kawuna a bango. Koyarwarsa ba ta da yawa: ka runtse ido ɗaya, ka kwafi abin da ke gabanka, duhu nan, haske can, kada ka ƙara ko ɗigo daga kanka.

Daga baya na samu wani malamin zane a Tarauni. Shi kuma ya ce zane gini ne, daga ciki ake faro shi. Kai ƙwallo ne, muƙamuƙi akwati, wuya gwangwani. Sai ka kafa waɗannan kafin ka ɗora ido da hanci. Gaskiya hannuna ya faɗa, kaina kuma ya kumbura. Har gaisuwar mai allon na rage, ina ganinsa ɗan kwafe.

Kakata ta wajen uwa ba ta yarda da hoto ba. Da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska, don haka babu hotonta ko ɗaya a gidan. Da jikinta ya fara ƙi, tsoro ya kama ni, kada ta tafi mu rasa ko kamanninta. Na yi wata biyu ina yi mata naci ta zauna in zana ta. Ran nan bayan la'asar, tana zaune a tabarma a tsakar gida, ta ce, "To angona, zo ka yi shirmenka. Sau ɗaya ne fa, kada ka ƙara tambaya."

Mijin ƙanwar mahaifiyata ya zo dubiya daga Hotoro, yana gefe ya sunkuyar da kai, kamar yadda suruki ke yi. Na zana ƙwallo, na raba shi da layi biyu, sai na cije. Ɗankwalinta ya tattaro a goshi, na kasa gane inda ƙoƙon kan ya ƙare. Fuskar kuwa ga ta nan a gabana, da tsagen kumatunta da wushiryarta, amma ni neman ƙashi nake.

"Kaka, ɗan cire ɗankwalin in ga kanki."

Surukin ya miƙe ya fice zaure. Tsohuwar da ko 'ya'yanta ba su cika ganin gashinta ba, na ce ta tsiraita kai a gaban mijin 'yarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta dafa bango ta tashi, ta ce, "Allah ya shirye ka," ta shige ɗaki.

Ta yafe mini, har tsokana ta ci gaba, amma zama ba ta sake ba. Kafin azumi ta rasu.

Bayan sadakar arba'in na ƙarasa zanen da ka. Komai ya zauna daidai, ko malamin Tarauni ba zai samu gyara ba. Na kai wa mahaifiyata a ɗaki. Ta karɓa, ta matsa kusa da taga, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ya yi kyau, wallahi. Wace ce?"