Kowa Ya Zo da Kwalbarsa

Duk wanda ya ce Balaraba mai man gyaɗa ba ta san lissafi ba don ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, to bai taɓa zama a rumfarta a kasuwar Madarumfa ba.

Bara bayan kaka masu mai suka yi yawa, ciniki ya ja baya. Sai ta sanar cewa duk wadda ta zo da kwalbarta za a rage mata dala biyar. Ta ajiye gwangwani a gefe, kowa ya saya sai ta jefa tsakuwa ɗaya. Da can mutum ashirin take samu ran kasuwa, amma kafin wata ya ƙare tsakuwa ta kai arba'in da uku.

Wanta Isma'ila, direban motar Maraɗi, ya ji labari ya zo yana faɗa. "Ke Balaraba, dala biyar-biyar har mutum arba'in? Sadaka kika buɗe?"

Ta zazzage tsakuwar a tabarma, ko murya ba ta ɗaga ba. "Yaya, kwalbar da kake kawo mini, nawa nake biyanka kowace?"

"Dala goma."

"To wadda ta zo da tata na bar mata biyar, biyar ta zauna a lalitata, ga mutane sun ninka. Wa ya yi asara?"

Isma'ila ya daɗe yana kallon tsakuwar kafin ya gane mutum ɗaya ne ya yi asara a wannan lissafi, wato mai kawo kwalba.